Azumin da Aka Raba Muryar Malam

Yanzu na iso shekarar da Malam, kakanku, ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ba a kan rasuwar zan tsaya ba, wannan kowa ya san ta, an yi kukanta an gama. A kan azumin da ya biyo baya zan tsaya, domin har yau akwai masu cewa a unguwar nan wai a wannan azumin ne ubanku ya ɗauke wa dattawa karatu ya kai wa mata. Na ji yaran gidan nan ma suna maimaitawa suna dariya. To ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda aka yi dominta.

Ubanku shi ne ɗana na fari, don haka ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Na-Kaduna nake ce masa, tunda can yake aikin ofis. Tun yana hannun kakarsa ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba. In ina da magana sai in ba wani ya kai masa, ko in juya in faɗa wa bango shi kuma ya tsinta. Haka aka rene mu. Ku riƙe wannan, in ba haka ba sauran labarin zai yi muku kamar wauta.

Malam ba babban malami ba ne irin wanda ake sawa a rediyo. Ɗinki yake yi a bakin kasuwar Daura. Amma duk azumi, da an sallame la'asar, sai ya zauna a zaurenmu ya fassara Alƙur'ani, ƙanensa Malam Sule yana ja masa baƙi. Da can mu mata mukan raɓe a bayan ƙofar zaure mu saurara. Da aka ƙaddamar da Shari'a, wa'azi ya yawaita a kan cakuɗuwar maza da mata, sai Malam ya ce a raba zama. Amma bai yarda a bar mu hannu rabbana ba. Ya sayo lasifika biyu da wani akwatin ƙarfe mai ƙara murya. Ya rataye ɗaya a ƙofar gida, ya ja waya ta bi bangon soro, ta bi lungu, ta fito tsakar gida, ya rataye ɗayar a jikin katangar ɗakina. Daga nan tsakar gidana ta zama ta matan unguwa. Kowace ta zo da aikinta a faranti, wannan tana tsince zogale, waccan tana surfa wake a hankali don kada turmi ya danne aya. Ana karatu a waje, muna ji a ciki, a lokaci guda. In Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a, amin ɗinmu da ta maza tare suke tashi. Shekaru muka yi a haka.

Malam ya rasu saura kaɗan watan azumi ya kama, don haka azumin ya same ni cikin takaba. Ba na fita, ba na ado, namijin da ba muharramina ba kuma sai dai mu yi magana ta bayan asabari. 'Yata Rabi ta baro gidan mijinta a Sandamu ta zo ta zauna da ni. Lasifikar ƙofar gida kuwa Malam Sule ya riga ya ba masallacin unguwa sadaka, ladan ya kai ga mamaci. Ni na ɗauka karatun ya tafi tare da mai shi.

Ashe Na-Kaduna ya daɗe yana tattara kaset ɗin mahaifinsa, har da na shekarun ƙarshe da ya sa aka ɗauka a bidiyo. Ya zuba su duka a cikin kwamfuta. Ya zo da ita a mota, da wata talabijin mai faɗin tabarma, da ƙananan akwatunan sauti baƙaƙe da ya jera a kusurwoyin sabon falon da ya gina jikin zaure. Ya ce karatun ba zai mutu ba, bana ma Malam ne zai yi shi. Ranar farko maza suka cika falon har suka zubo cikin soro. Rabi ta leƙa ta dawo ta ce Malam Sule da ya ga kansa zaune kusa da yayansa a jikin gilashi, sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Mu kuwa a ciki, mata sun zo kamar kullum, kowace da farantinta. Muka zauna a ƙarƙashin lasifikar. Aka yi ta jira. Ba ta ce komai ba. Falon rufe yake da ƙofa da tagogin gilashi, gida kuma dogo ne, ko gunaguni bai iso mu ba. Har rana ta yi ja, kowace ta ɗauki kayanta ta yi mini sai gobe.

Ban ce wa kowa komai ba. Rabi ce ta je ta sami yayanta.

"Yaya, kai ka manta akwai mutane a cikin gida? Inna ta wuni tana kallon bango."

"Subhanallahi. Ai wayar tana nan, gobe sai in haɗa."

Washegari ya jawo tsohuwar wayar Malam, ya sa mata kai, ya jira har aka fara karatu don ya ji da kunnensa, sannan ya soka ta a wani ɗan rami da ke bayan kwamfutar. Ina zaune a bakin ƙofa sai na ji an yi gyaran murya a saman kaina. Gyaran muryar nan da na sani, sau biyu gajere, kafin ya ce a'uzu billahi. Na duƙar da kai. Ta-Baure, tsohuwar ƙawata da muka yi aure shekara ɗaya, ta miƙo hannu ta riƙe mini gwiwa ba ta dube ni ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, a daidai lokacin da muryar ta shigo mana, ta bar falo. Dattawa suna zaune suna kallon Malam yana buɗe baki yana rufewa, yana nuni da yatsa, babu sauti ko kaɗan. Mutum ne da suka binne da hannunsu, ga shi yana magana ba sa jin sa. Can kuma daga cikin gida, ta lungu, suna jiyo muryarsa sama-sama, daga wajen mata. An ce wani tsoho ya tashi ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ubanku ya yi sauri ya zare wayar, muryar ta koma musu, mu kuma ta yanke mana a tsakiyar aya. Daga wannan yammacin maganar da kuke ji ta samo asali.

Bayan an sha ruwa ya shigo ya durƙusa daga nesa, yana yi wa Rabi bayani da ƙarfi don ni in ji. Ya ce na'urar hanya biyu gare ta ta fitar da murya. Akwai tsohuwar hanya, ta ɗan ramin nan, inda murya ke bin waya a matsayinta na murya, ita ce lasifikarmu ta sani. Akwai sabuwa kuma, dijital ya kira ta, inda ake mayar da muryar lissafi, ta bi waya ɗaya tare da hoto, sai ta isa can a sake mayar da ita murya. Sabbin akwatunan ba su da ramin tsohuwar waya, tsohuwar lasifika kuma ba ta san lissafi ba. Na'urar kuwa ɗaya take zaɓa. In ka buɗe wannan sai ta rufe waccan.

"Yanzu duk tsadarta," in ji Rabi, "abin da akwatin Baba mai tsatsa yake yi ita ba ta iya ba?"

"Ta iya. Ni ne ban san inda ake gaya mata ba." Sannan ya ce, "Ko dai kullum da hantsi in riƙa sa wa Inna nata ita kaɗai?"

Na juya wajen bango na ce, "A'a."

Ga dalilina, tunda a lokacin ban faɗa ba. Mace mai takaba ta zauna cikin mata a lokacin karatu tana sauraron tafsiri, wannan ibada ce, ba mai cewa komai. Amma a kunna mata muryar mijinta da hantsi, ita kaɗai a ɗaki, lasifika tana shelanta wa maƙwabta, wannan sunansa daban. Cewa za a yi ba ta sallama wa hukuncin Allah ba, tana neman wanda ya tafi. Kuma ɗana na fari ne zai kunna mini. Ba zan iya ba. Ban da haka, da hantsi matan unguwa suna bakin aikinsu, kuma su ma karatun nasu ne.

Sai ya kawo wata dabara. Ya ɗauko makirufon da Malam ke magana a ciki ya kafa shi a gaban ɗaya daga cikin sabbin akwatunan, ya haɗa da akwatin ƙarfe, don lasifikarmu ta ji daga bakin 'yar'uwarta. Muryar ta zo, amma kamar daga cikin rijiya, wani lokaci ta yi kuwwa har yara su toshe kunne. Kuma makirufo ba ya zaɓe. Tarin maza, hammarsu, ƙarar fanka, duk sun shigo mana. Da aka tsaya canja karatu, sai muka ji wani yana tambayar wani ko gidansa yau kunun gyaɗa ne, ya ce ina, matarsa ta rantse da kunun tsamiya har sallah. Matar tana zaune a cikinmu. Aka kwashe da dariya, ni ma sai da na rufe baki da mayafi. Ba mu gama dariyar ba muka ji muryar Malam Sule, ƙasa-ƙasa, kusa da makirufon.

"Wannan ba mutuncin karatu ba ne. Jiya shiru, yau kuwwa. In Juma'a ta zo yaron nan bai daidaita ba, masallaci za mu ɗauke shi da kayansa duka. Can babu mai jan waya."

Dariyarmu ta yanke. Kowa ya san abin da ake nufi. In karatun ya bar gidan nan ba zai dawo ba, kuma ni ba ni da ƙafar bin sa. Zauren da Malam ya zauna shekara da shekaru zai koma wurin ajiye babur.

Ana idar da magariba na kira Rabi.

"Ki ce masa ya cire namu. Ya bar wa maza karatunsu lafiya."

"Inna, ke fa?"

"Na ji rabona. Wanda ya fi shekara talatin yana ji ba zai mutu don ya rasa na bana ba."

"Wallahi ba haka zuciyarki ta ce ba."

"Ba zuciyata na aike ki ki kai masa ba. Ki kai abin da na faɗa."

Ta kai. Ya cire. Falo ya samu sautinsa tas, dattawa suka dawo, aka daina zancen masallaci. Mata suka zo rana ɗaya don kara, daga nan sai Ta-Baure kaɗai, daga baya ita ma ta ce gwiwa ta hana ta. Ban ga laifinsu ba. In an kira la'asar sai in yi sallah in fito bakin ƙofa in zauna da carbi. Na san a daidai lokacin yana can yana gyaran murya, katanga biyu tsakaninmu. Ranar da aka fita da gawarsa ma ban ji nisan da na ji a waɗannan yammatan ba. Ban yi nadama ba, amma abinci ya daina shiga, Rabi ta fara kallona ta gefen ido.

Shi kuwa ubanku hutunsa ya ƙare bai koma Kaduna ba. Da safe kafin maza su taru sai ya rufe kansa a falo, da azumi a bakinsa, waya a kunne, yana magana da wani abokin aikinsa da ya san kan irin waɗannan na'urori. Rabi ta ce in ta kai masa saƙo sai ta tarar ya yi zaman dirshan a ƙasa yana danne-danne, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ce ta gaya masa ya tafi bakin aikinsa kada a kore shi. Ya ce ta ce mini ya ji. Bai tafi ba.

Wata safiya ya shigo da sauri har ya manta bai yi sallama ba, sai da ya koma ya yi. Ya ce wa Rabi an samu. Ashe a cikin na'urar akwai wani kunne da masu ƙira suka ɓoye suka kashe. In ka tono shi ka kunna, sai na'urar ta riƙa sauraron abin da take faɗa ta tsohuwar hanya, ta ɗauka ta miƙa wa sabuwar. Sai dai dole a fara ba tsohuwar hanya, ita ce za ta zama uwa, falo ya karɓa daga gare ta. Ya gwada da akwatin ƙarfe a kashe, ya ce alama ta nuna duka biyun suna tafiya. Amma yana tsoro. In ya sake soka wayar nan a gaban dattawa abin ya ƙi, Baffansa ba zai jira wata Juma'ar ba. Ya ce ba zai taɓa ba sai da izinin Baffa, shi kuma ba shi da fuskar tambaya.

Na aika aka kira Malam Sule. Ƙanen miji abokin wasa ne, tun yana yaro mai satar mini ƙuli-ƙuli muke tsokanar juna, amma tun rasuwar ba mu yi magana mai tsawo ba. Ya zo ya tsaya bayan asabari.

"Matar Yaya, an ce kin rame. Ko tuwon Rabi ne ba ya ciwuwa?"

"Tuwonta ya fi na gidan da ake kunun tsamiya har sallah."

Ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?"

"Makirufo. Shi ya gaya mana maganar masallaci ma."

Na ji ya sauke numfashi, ya zauna a kan turmi. Ya ce bai san muna ji ba. Ya ce ranar da bakin yayansa ke motsi babu murya, bai runtsa ba, domin haka ya gan shi a asibiti a ƙarshe, yana son ya faɗi wani abu ya kasa. Wannan ban sani ba sai a ranar. Na ce masa yaron nan ya ce ya samo hanya, amma yana iya ƙi. Na ce ba don kaina kaɗai nake roƙo ba, wanda ya ja wayar nan da hannunsa bai ja ta don ta yi shiru ba.

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, ka ɗauke. Ba zan ce maka komai ba, kuma ba zan riƙe ka ba."

"To a gwada. Amma ni zan gaya wa mutane tukuna, kada su sake firgita."

Na sa Rabi ta zaga gida gida. Wasu suka ce in Allah ya yarda, irin wadda ke nufin ba za su zo ba. Ta-Baure ta zo tana dogara sanda, ta ce in aka sake yin shiru za ta karanta mana abin da ta haddace da kanta, kowa ya yi kuka da kansa. Aka sallame la'asar. Muka zauna, ba mai taɓa farantinta. Sai lasifika ta yi ɗan ƙara, sannan muryar ta sauko, tsaf, kamar yana zaune a zaure. Amma ban saki jiki ba, don mun taɓa jin haka. Na dubi Rabi. Ta tashi ta bi lungu ta tsaya a bakin soro ta kasa kunne. Ta daɗe. Da ta juyo, tun daga nesa na ga haƙoranta.

"Suna ji, Inna. Su ma suna ji."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Na jawo farantin zogalen Ta-Baure na fara tsinta. Waɗanda ba su zo ba suka jiyo ta katanga, kafin a kai rabin karatu tsakar gida ta cika, har da mai kunun tsamiya.

Abu ɗaya ne ya rage. Tunda falo daga wajenmu yake karɓa, muryar takan riga isowa ciki da kamar ƙiftawar ido. Mu ba mu lura ba, su ma na cikin falo ba su lura ba. Waɗanda suka zauna a soro, tsakanin nan da can, su ne suka riƙa jin kowace kalma sau biyu, ɗaya na bin ɗaya. Da Malam ya yi addu'ar rufewa, amin ɗinmu ta tashi, sannan ta maza ta biyo baya.

Kafin a sha ruwa suka shigo su biyu, Malam Sule a bayan asabari, ubanku durƙushe a gefensa, fuskarsa duk damuwa. Ya ce wa Rabi jinkirin nan ya yi ta ƙoƙari ya rage ya kasa, amma in an ba shi kwana biyu zai sake bincike.

"Kin ji, matar Yaya," in ji Malam Sule. "Na soro sun kawo ƙara. Sun ce yanzu mata ke riga mu amin."

"Na soro su matsa ciki ko su matsa waje. Kai dai ka faɗa mini, za ka ɗauke ko ba za ka ɗauke ba?"

"In kai ina? Karatu yana gidansa." Ya yi 'yar dariya. "Dama can ko yana da rai ke yake fara gaya wa magana kafin mu ji a zaure. Kai, ɗana, kada ka sake taɓa komai. Ka sa tsumma ka rufe na'urar nan haka."

Rabi ta dube ni tana jiran abin da za ta kai. Na ce ta gaya masa ya ji maganar Baffansa, gobe kuma ya kama hanyar Kaduna, Allah ya yi masa albarka. Yana nan durƙushe, taku uku daga inda nake, ya ji sarai, amma sai da ya jira ta maimaita sannan ya ce amin. Aka kira magariba. Rabi ta miƙo mini kofin kunu, na sha duka, na ce ta ƙaro.